Kwana Tara da Allon Shogi Ya Ruɗe Mu

Alhamdu lillahi, mai jiki ya samu sauƙi. Da wannan zan fara, don masu kirana a waya suna kewaye-kewaye su huta. Sauran bayanin kuwa na rubuta shi ne saboda matan da ke biyo mazajensu karatu ƙasar nan, waɗanda duk abin da ya samu mai gida sai a ce musu gajiyar karatu ce, su kuma su yarda. Ni ma na yarda, har tsawon kwana tara, kuma ban gama jin haushin kaina ba.

Sunana Rukayya. Muna zaune a unguwar Taman Melati a nan ƙasar Malayawa, hawa na goma sha ɗaya, ni da mijina da 'yarmu Hanifa. Shi malamin lissafi ne a wata jami'a a gida, aka turo shi digiri na uku. Lokacin da abin ya faru saura mako bakwai ya tsaya gaban farfesoshi ya kare kundinsa, abin da suke kira viva. Tallafin karatunsa da bizarmu duk a ƙarshen wannan zangon za su ƙare. Shekara huɗu muna jiran wannan rana, kuma mun san idan ta kuɓuce zai koma wurin aikinsa hannu Rabbana, ya ci gaba da gaishe da waɗanda ya koyar suna amsa sunan Dakta.

Akwai wani abokinsa, Alhaji Bala, ɗan kasuwa a unguwar Cheras mai tura wa mutane kaya gida. Shi ya bar mana tsohuwar na'urar wasan bidiyo da yaransa suka gaji da ita. Cikin wasannin akwai wani na Japanawa da ake yawo a gari ana dambe. Abban Hanifa bai taɓa kula damben ba. Yana kunnawa sai ya ruga da mutumin nasa ta tsakiyar kasuwa, ya wuce masu neman faɗa, ya shige wani lungu inda ake buga shogi, wato darar Japanawa, a kan allo mai gida tara a tsaye tara a kwance. A can an jera tambayoyi. Za a ajiye sarki da 'yan tsirarun 'ya'yan dara kewaye da shi, a ce ka kama shi a taku uku, ko biyar, ko bakwai. Sharaɗin shi ne kowane takunka sai ya zama hari a kan sarkin, ba a barin sa ya numfasa ko sau ɗaya. Akwai kuma 'ya'yan da ake riƙe maka a gefe, ka ɗauko ka dasa inda ka ga dama.

Da yake rubutun da ke jikin 'ya'yan na Japananci ne, sai ya raɗa musu sunayenmu: Zinari, Azurfa, Doki, Mashi. Akwai wani mai tafiya a karkace, yana iya ratsa allon daga wannan kusurwa har waccan, shi ya sa wa Malam Gicciye. Kullum bayan la'asar sai ya yi rabin awa a kan abin. Ni kuwa ina gefe ina tsinke alayyahu ina yi masa tsiya, mutum da gemunsa, ga furfura ta fara leƙowa, ya zauna yana bin wani sarkin katako lungu-lungu. Da haka da haka har na san 'ya'yan ba tare da na yi niyya ba.

Ranar wata Litinin ya tashi da ciwon kai. Yana shan shayi kofin ya suɓuce daga hannunsa na hagu. Ya ce a kan hannun ya kwana, ya sha farasitamol, ya tafi makaranta. Ya kamata in faɗi wani abu a nan, don kada in wanke kaina: shekara biyu kafin wannan an gaya masa jininsa ya hau. Ya sha magani wata guda ya ajiye, wai yana sa shi barci a kan littafi. Na sani, na yi magana sau biyu, na gaji na bari.

Washegari ya bugi ƙofar kicin da kafaɗar hagu. Kwana biyu bayan haka ya sake bugun ta, har ya ce mai gidan nan bai iya sa ƙofa ba, ƙofar da muka shekara uku muna wucewa ta cikinta. Ranar Juma'a na zuba masa shinkafa, ya cinye rabin farantin ƙaf, ya miƙo mini ya ce in ƙara. Ɗaya rabin yana nan ko cokali bai taɓa shi ba. Na juya masa farantin, ya ce, "Au," ya ci gaba da ci, muka yi dariya. Abin da ya fara hana ni zama shi ne sallarsa. Idan ya zo sallama sai ya juya dama sosai, ta hagun kuwa bakinsa ne kawai ke yin ta, wuyansa na kallon gaba.

Na ce mu je asibiti. Ya ce a'a, ya kuma kawo dalilin da duk ɗan tallafi a garin nan ya haddace: idan ka je asibiti takarda za ta je makaranta, daga makaranta ta je ofishin da ke biyan kuɗin karatu, daga nan sai a ce ka tattaro ka dawo. Wai an taɓa yi wa wani haka. Shekara huɗu ina jin labarin wannan wani, ban taɓa haɗuwa da wanda ya san sunansa ba.

"To zo ki zauna," in ji shi. Ya kunna na'urar, ya ruga lungunsa, ya zaɓi tambayoyi masu taku bakwai, ya warware biyar a jere ina kallo. "Ƙwaƙwalwar da ta samu matsala ce za ta yi wannan? Relax lah, Maman Hanifa. Stress ne kawai, kowa haka yake yi in viva ta matso."

Na yarda, domin ina son in yarda. Daga ranar abin ya zama ma'auninmu. Da na ga ya sa takalmi ƙafa ɗaya ya nufi ƙofa, ko ya aske gefe ɗaya na gashin baki ya bar ɗayan, sai in kasa zaune in kasa tsaye, in share falon da na share. Da la'asar ta yi sai ya kama sarki sau huɗu ko biyar, ni kuma in sauke ajiyar zuciya in ɗora tukunya.

A rana ta tara ya maƙale a wata 'yar ƙaramar tambaya mai taku uku. Ya yi ta juya ta har aka kusa kiran magariba, yana tsaki.

"Wannan akwai mistake a cikinta," ya ce. "Dole Zinari zan dasa a goshin sarki, amma ba mai tsaron sa. Ina dasawa sarkin zai cinye shi."

Na ɗago kai daga tiren da ke cinyata. "Ga Malam Gicciye can yana tsaron sa."

"Ina?"

"Can ƙasa, ta hagu."

"Ba komai a nan."

Na ɗauka wasa yake yi. Na tashi na je na ɗora yatsana a kan gilashin talabijin, daidai kan Gicciyen. Ya dubi allon, ya dubi wajen da kafaɗata take, ya ce me nake nuna masa. Na fara jan yatsan a hankali zuwa tsakiya. Sai da na wuce rabin allon sannan idonsa ya kama shi, kamar a lokacin yatsan ya fito daga bango.

Na karɓe abin dannawar daga hannunsa na koma jerin tambayoyin, ina buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Wannan, sarki yana sama ta dama. Ta gaba, sama ta dama. Ta gaba ma haka. Kusan duka a wannan lungun aka tara su, hagun allon fayau. Daga baya na ji cewa al'adar masu tsara irin waɗannan tambayoyi ce, a can suke ajiye sarki. Wato cutar ta cinye masa hagu, gwajin da muke yi kuma gaba ɗayansa a dama yake zaune. Ban nemi izininsa ba na kira Alhaji Bala na ce ya zo da mota.

A asibitin gwamnati muka samu layi har bakin ƙofa. Aka ba mu lamba, aka tura ni tagar baƙi in yi rajista, inda kuɗin komai ya ninka na 'yan ƙasa. Ina ta safa da marwa tsakanin tagar da bencin da yake zaune, shi kuwa yana gaya wa Alhaji Bala cewa mata ba su da haƙuri. Da aka zo kanmu ma'aikaciyar jinya ta auna jininsa, ta sake aunawa a ɗaya hannun, sai ta jawo keken marasa lafiya. Daga nan ba mu ƙara bin layi ba, kuma wannan saurin ya fi layin tsorata ni.

Likitar wata matashiya ce 'yar asalin Sin. Bayan an ɗauki hoton kansa ta ba shi takarda ta ce ya zana agogo. Mutumin da ya shekara goma sha biyar yana koyar da lissafi ya zana da'ira mai kyau, sannan ya cusa lambobin nan goma sha biyu duka a ɓarin dama, suna hawa kan juna, ya miƙa mata yana murmushi. Dariya ta kuɓuce mini, ban san lokacin da ta koma kuka ba.

Ta ce jini ne ya toshe a wata jijiya ta ɓarin dama na ƙwaƙwalwa, irin abin da muke kira shanyewar ɓarin jiki, sai dai shi nasa bai kayar da shi ba. Kalma biyu ta faɗa da suka zauna mini har yau, left neglect. Ta ce idonsa lafiya lau, ba makanta ba ce. Ƙwaƙwalwar ce ta daina kula da duk abin da ke hagu, kuma mafi muni, ba ta san ta daina ba, shi ya sa zai rantse miki lafiyarsa ƙalau kuma ba ƙarya yake yi ba. Sai ta tambaye ni yaushe abin ya fara. Na ce kwana tara. Ta ajiye biro ta dube ni. Ta ce akwai maganin da ake yi, amma a awannin farko kaɗai yake aiki.

Kwana shida ya yi a kwance. Ni kuwa ban san na zauna ba a wannan makon. In kai Hanifa makaranta, in hau jirgin ƙasa, in sauka in hau bas, in tarar ya ture abincin asibiti wai ba gishiri, in sauko in nemo masa wani abu a shagon mamak, wato gidan abincin Indiyawa Musulmi, ma'aikatan jinya su ƙwace su ce gishirin ne ya kawo shi nan. Suna da gaskiya, kuma ba zan manta kirkinsu ba. Akwai wata dattijuwa a cikinsu da kullum sai ta tambaye ni ko na ci abinci, in na ce eh ta ce fuskata ba ta nuna ba.

'Yan uwanmu na nan sun yi mana abin da ba zan iya biya ba. Inshorar ɗalibai ta ɗauki ɗan abin da ta ɗauka ta tsaya, su suka haɗa sauran ba tare da na buɗe baki ba. Allah Ya saka musu. Amma kowa ya zo dubiya da maganinsa a baki. Wannan ya ce habbatussauda da zuma, wancan ya ce tafarnuwa bakwai kafin karin kumallo. Alhaji Bala ya dage sai an kai shi Cheras wurin wani mai ƙaho.

"Wallahi Madam, one session kawai, zai tsotse mugun jinin nan. Ni duk wata nake yi, kin taɓa ganin na kwanta?"

Na ce masa likita ta sa shi a maganin tsinka jini, in aka tsaga shi sai dai a tare jinin da bokiti. Daga Kano kuma Hajiya, mahaifiyarsa, tana aiko saƙon murya safe da yamma. Ita a wurinta magana ɗaya ce, abokan aikinsa ne suka ga ya kusa gamawa suka yi masa aike, in sa shi a jirgi in kawo mata ɗanta. Ina amsawa da to Hajiya, in sha Allahu Hajiya, in kashe wayar in ciji leɓe.

Shi kuwa gogan, tun yana gadon asibiti ya aika wa farfesan da ke duba aikinsa saƙo cewa zazzaɓin dengi, wanda sauro ke kawowa, shi ne ya kwantar da shi. A garin nan ba wanda zai yi mamakin dengi. Ya kuma roƙi duk wanda ya zo dubiya da kada maganar ta shiga makaranta.

A mako na uku muka fara zuwa wurin mai koyar da motsa jiki da dabarun zaman gida, wata mata da ake kira Puan Zaitun, wato Malama Zaitun, gajeriya mai faɗa. Ta manna jan tef a gefen hagu na kowane shafi, ta ce kada ya fara karanta layi sai ya nemo jan. Ta koya masa ya riƙa juya kai gaba ɗaya kamar mai shirin tsallaka titi. Sannan ta ja ni gefe.

"No pity, Puan Rukayya. Cup, phone, makan, everything put on the left. You help him, he never learn. Boleh?"

Makan dai abinci ke nan a harshensu. Na ce boleh, wato zan iya. Ta samu wadda take so, don ni dama haƙurina gajere ne. Shayi a hagu, waya a hagu, tabarau a hagu. Zai yi ta lalube a dama yana kiran sunana, ina tsaye ina kallon sa ina murza zanina, ba zan ce uffan ba sai ya juya. Wata rana ya ce mini bai san auren soja ya yi ba.

Da na ba ta labarin shogi, ta ce in juya makamin a kansa. Na yanka kwalin taliya na zana gida tara-tara, na yanka 'ya'ya na rubuta musu sunayensu da Hausa. Sai in buɗe tambaya a talabijin, in kwafe ta a kan kwalin amma a juye, sarki ya koma sama ta hagu. Tambayoyin da yake gamawa kafin in tsinke ganye uku, yanzu sai ya yi minti ashirin a kan guda. Wani lokaci ya ce ban sa sarki ba sam. Ya ture kwalin, in tsince 'ya'yan daga ƙarƙashin kujera in sake jerawa. Ana cikin haka dai ya fara samun ɗaya cikin uku, daga baya biyu cikin uku. Sauƙi yana zuwa, amma da ƙafa yake tahowa, ranar viva kuwa a guje.

Saura mako biyu ya ce in zauna ya gwada jawabinsa a gabana. Ya yi shi tsaf, don a kansa yake. Sai na buɗe kundin a tsakiya na ce ya karanta mini wani layin lissafi. Ni ban san lissafinsu ba, amma ina da ido. Akwai alamar ɗebewa a farkon layin, ya tsallake ta. Na buɗe wani shafin, ya fara daga kalma ta uku. Na ce masa farfesoshin nan ba jawabi kaɗai za su saurara ba, za su buɗe shafi su ce ya yi bayani, za su rubuta sabon abu a allo. Idan ya faɗi a gabansu ya faɗi ke nan. Gara ya gaya wa Farfesa gaskiya a nemi ɗagewa.

"A ɗage zuwa yaushe? Scholarship ɗin zai jira ni ne? Visa fa? Ke kin san abin da kike faɗa kuwa?"

"Na san abin da nake gani, Abban Hanifa."

Muka kwana uku a kan wannan. Ba na iya cin abinci, ba na iya zama, in fita baranda in dawo, in buɗe firji in rufe. Shi ma yana da gaskiyarsa, abin da ya fi ci mini rai ke nan. A rana ta huɗu bayan la'asar ya jawo kwalin da kansa.

"Jera mini wadda ta kayar da ni ranar nan, yadda take, ba juyi. In na warware ta, kin bar maganar Prof har abada. In na kasa, yadda kika ce."

Na ce na yarda. Na durƙusa na jera, sarki a sama ta dama, Azurfa da Zinari a gefensa na dama inda yake ajiye na hannu. Malam Gicciye kuwa na ɗauke shi kamar zan ajiye a gidansa na ƙasa ta hagu, sai na dunƙule shi a tafin hannuna. Ban shirya yin haka ba, a lokacin abin ya zo mini. Na sani maguɗi ne.

Bai yi ko minti ɗaya ba. Ya dasa Azurfa, na matsar da sarki. Ya ɗauki Zinari ya buga shi a goshin sarkin har kwalin ya yi tsalle.

"Shi ke nan. Case closed."

Na sa sarki ya cinye Zinarin.

"Ba ya ciwuwa," ya ce. "Gicciye na tsaron sa."

"Nuna mini shi."

Ya juya kansa yadda Puan Zaitun ta koya masa, a hankali. Ya ɗora yatsa yana bin gidajen a karkace, ɗaya bayan ɗaya, har ya kai kusurwa, har yatsan ya sauka daga kwalin ya hau tabarma. Ya sake bi daga farko. Sannan na buɗe hannuna.

Na shirya wa faɗa. Na shirya ya ce na cuce shi, in ce su ma farfesoshin ba tambayar da ya haddace za su yi masa ba. Amma bai ɗaga murya ba. Ya daɗe yana kallon ɗan kwalin da ke tafina, gumi ya jiƙa shi har rubutun ya fara narkewa.

"Rukayya," ya ce, kuma rabon da ya kira ni da sunana tun kafin a haifi Hanifa, "wallahi na gan shi a wurin. Ba cewa na yi na tuna ba. Ganin sa na yi."

A wannan ranar ce ya san ba shi da lafiya, mako biyar bayan kofin shayin ya faɗi. Tausayinsa ya kama ni har na ji kamar in mayar da Gicciyen in ce ni ce na yi kuskure. Ban mayar ba. Kwana biyu bai yi mini magana ba sai abin da ya zama dole. A na ukun ya sa babbar rigarsa ya ce in ɗauko hijabina da takardun asibiti.

Farfesan nasa wani dattijon Bamalaye ne mai magana ƙasa-ƙasa. Ya karanta takardar likita har ƙarshe, ya cire tabarau.

"Why you tell me dengue?" ya ce. "My own wife had this. Two years I put her tea on the left."

Abban Hanifa ya sunkuyar da kai. Mutumin da muka yi mako biyar muna ɓoye wa, a zaman nan ya rubuta takardar ɗage viva wata huɗu, ya kira ofishin ɗalibai baƙi a gabanmu kan maganar biza. Ba wanda ya ce mu tattara mu koma. Allah Ya saka wa wannan bawan Allah da alheri. Ofishin da ke biyan tallafi a gida kuwa mun rubuta musu har sau uku, ko amsar mun gani ba mu samu ba, kuɗin ya tsaya ranar da aka ce zai tsaya. Wata huɗun nan da masa, wato waina, da dambun nama na riƙe gidan, ina yi ɗalibai suna zuwa suna tapau, wato su saya a ƙunshe musu su tafi da shi. Ina soya masar ina leƙen falo ina cewa a duba hagu.

Abin da nake so mai karatu ya ɗauka bai da yawa. Idan mutum ya tashi hannu ya yi masa nauyi, ko ya fara bugun ƙofa ta gefe ɗaya, ko ya bar rabin faranti, a ranar za a kai shi, ba gobe ba. Kada a tsaya jin ta bakinsa, don abin da zai gaya masa ba shi da lafiya shi ne ya lalace. Kada kuma a auna shi da abin da ya fi ƙwarewa a kai, nan ne wurin da zai fi daɗewa yana ruɗin ku. Mai hawan jini ya sha maganinsa ko da zai yi barci a kan littafi. Likita ta gaya mana wani abu zai dawo, wani ba zai dawo ba, kuma ba ta san wanne ne wanne ba. Har yau ba a ba shi izinin tuƙi ba, kuma in ya gaji hagun takan sake ɓace masa.

Ranar viva ya ce kada in zo, zan ƙara masa fargaba. Na ce to. Yana fita na ba shi tazarar jirgi ɗaya na bi bayansa. Awa uku na yi a barandar da ke gaban ɗakin, ban zauna ba, na ƙirga tayil ɗin wurin har na rasa lissafi. Can ƙofa ta buɗe, farfesoshin suka fito suna ba shi hannu ɗaya bayan ɗaya, na ji wani ya ce masa Dakta. Ya ci, da 'yan gyare-gyare.

Yana tsaye a tsakiyarsu fuskarsa duk gajiya, ya zaro waya ya kira ni. Wayar ta yi ruri a jakata. Ya ji ƙarar, ya ɗago kai yana nema, ya duba dama, ya duba gaba, ya sake duba dama. Ina tsaye a hagunsa, in na miƙa hannu zan taɓa rigarsa. Wata biyar ban taɓa sassauta masa ba, kuma na san abin da Puan Zaitun za ta ce, in yi shiru har sai ya juya. Amma mutanen da suka gama kiran sa Dakta suna tsaye suna kallo.

Na zaga ta bayansu na ɓullo ta damansa, ina haki kamar wadda ta hawo bene a guje.

"Kin zo?" ya ce. "Maman Hanifa, an gama. An gama."

Na ce yanzun nan na iso, jirgi ne ya yi jinkiri. Ban gaya masa tun ƙarfe tara nake tsaye a wurin ba.